Rufin Tamfol a Birnin Baƙin Gilashi

Wanda ya tsaya a danjar da ke kusa da Sakatariyar Tarayya a Abuja da safiyar Litinin, ya bi motocin da ke jere da kallo, ba zai ga fuskar kowa ba. Jif na bin jif, Prado da Lexus da Hilux ta 'yan rakiya, kowacce gilashinta baƙi wuluk, an ɗage shi har ƙarshe, esi na hurawa a ciki. Girma a garin nan shi ne ka ga mutane, su kada su gan ka. Har izini ake nema wurin 'yan sanda saboda wannan baƙin gilashi, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan takardar, yau a dakatar da ita, gobe a dawo da ita. To, a irin wannan gari ne kawuna yake riƙe da motar da aka ƙera musamman domin a tuɓe mata rufi.

Marsandi ce 380SL, ƙofa biyu, kujera biyu, daga jerin da kamfanin ya yi wa lamba R107. An fara ƙera su a 1971, shekara guda kafin Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama a watan Afrilun 1972, ba a kuma daina ba sai 1989. An yi fiye da 200,000, mafi yawansu Amurka suka nufa. Ta Kawu ma daga can ta biyo ta Kwatano, shi ya sa take da dogayen bamba da fitilun gaba huɗu masu da'ira, irin waɗanda dokar Amurka ta tilasta a wancan zamani. Shi kuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, cikin waɗanda aka kwaso daga Legas lokacin da aka mayar da babban birni Abuja a watan Disambar 1991, ya zauna a Garki har ya yi ritaya. Motar ta zo da rufi biyu. Na ƙarfen, wanda sai ƙarti biyu suke iya ɗagawa, yana rataye da igiya a gareji ya yi ƙura. Na tamfol ɗin shi ke aiki, kuma ba shi da maɓalli ko inji ko famfon mai. Hannu ne kawai.

Ranar wata Asabar a farkon Oktoba ya ce in zo mu je Ushafa, kuma in zo da sassafe. Na tarar ya riga ya fito da motar daga gareji, yana ja da baya yana matsawa gaba a tsakar gida, yana neman wurin da ya fi daidai.

"Ba da rufi ake farawa ba," in ji shi. "Da ƙasa ake farawa."

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Mota mai rufin ƙarfe akwati ce, rufin yana riƙe da jikinta. Wadda ba ta da shi, in taya ɗaya ta hau tudu ko ta faɗa kwari, jikin yakan ɗan murɗe. Ido ba zai gani ba, amma ƙusoshin rufi za su ƙi shiga ramukansu, ko su ƙi fita. Sai da ya gamsu tayoyi huɗun sun zauna sosai sannan ya sauke gilasan ƙofa duka biyu, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Ya karkato da makaran rana, ya buɗe aljihun gaba ya ɗauko wani ɗan mariƙin ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannu ba. A saman gilashin gaba akwai makulli biyu, ɗaya a kowace kusurwa. Ya zura mariƙin a na hagu ya murɗa zuwa ciki, ya miƙo mini na yi wa na dama haka. Goshin rufin ya ɗan ɗago, haske ya shigo ta tsagar.

Ba a nan ake ja ba tukuna, kuma a nan ne masu gaggawa ke yin ɓarna. Bayan kujerar direba, a jikin bangon hagu, akwai wani hannu da ake juyawa. Shi ke sakin gindin rufin daga bayan mota, inda wata ƙusa take riƙe da shi a tsakiyar murfin ma'ajiyarsa. Kawu ya juya, ya fita ya ɗaga gindin rufin har ya tsaya cak, sannan ya saki murfin ya buɗe shi. Sai ga wani rami mai faɗin motar, a nan rufin yake kwanciya. Yanzu ne ya ce in kama gefen dama shi ya kama hagu, mu ɗaga tare, kada wani ya riga wani. Mutum ɗaya na iya yi in ya kama daga tsakiya, amma in aka riƙa ja daga gefe guda shekara da shekaru, sandunan ƙarfen da ke ciki sukan karkace, daga nan kuma rufin ba zai ƙara zama daidai ba. Na jira ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya kuwa faɗa.

Wurin da ya fi ɓata lokaci shi ne tagar baya. Ba gilashi ba ce, roba ce mai haske, babba a tsakiya da ƙanana biyu a gefe, an ɗinke su a jikin tamfol. Yayin da rufin ke naɗewa, sai ya sa damtsensa a tsakiyar robar yana tura ta a hankali domin ta lanƙwashe, kada ta karye gida biyu. Inda roba ta yi ƙaho sau ɗaya, nan za ta ci gaba da yi har ta tsage. Ya shimfiɗa tsohon tawul a cikin lanƙwasar don kada fuskokin biyu su gogi juna, ya cusa gefunan tamfol ciki da yatsu don kada murfi ya datse su, ya danna murfin, ya mayar da hannun nan mazauninsa. Duk aikin 'yan mintoci ne. Motar da na gani ɗazu da ƙusumbi yanzu ta miƙe sumul daga hanci har wutsiya.

Daga Garki muka hau titin Shehu Shagari. Na sha bin wannan hanya, amma a mota mai rufi gini yakan zo maka gunduwa-gunduwa ta taga, ka ga ƙofa ba ka ga kai ba. Ranar nan na ga Masallacin Ƙasa gaba ɗayansa, ƙubbar zinare da hasumiyoyi huɗu, ba tare da na sunkuyar da kai ba. Na ga Hasumiyar Millennium da aka fara tun 2006, da dutsen Aso can gaba ya tare gabas. A nan ne mutum yake gane abin da Kenzo Tange, ɗan Japan ɗin da ya zana tsakiyar birnin, yake nufi: komai an jera shi ne yana fuskantar dutsen nan. Taswirar da kamfanin International Planning Associates ya miƙa a 1979 ta ba mota sarari iya son ranta. Mai tafiya a ƙasa kuwa ba a tuna da shi sosai ba.

Amma mai tafiya a ƙasa yana nan, kuma shi ne abu na biyu da buɗaɗɗiyar mota ke nuna maka. Mata masu sharar titi sanye da riguna masu ƙyalli, waɗanda suka baro Nyanya da Mararaba da Kubwa tun duhu. Masu gadi da suka tashi daga aikin dare suna jiran mota. Masu yankan ciyawa, ga ƙamshin ɗanyen haki ya gauraya da hayaƙin janareta. A danja Kawu ya ce wa wata mai shara, "Sannu da aiki, Mama," da muryar da ake magana a zaure, ta kuwa ji, ta amsa, ta bi motar da dariya. Ban tuna ranar da na ga wani a cikin Marsandi ya gaida mai shara a tsakiyar Abuja ba. Ba wai duk mutanen banza ba ne. Gilashi ne a tsakani.

Muka wuce Dandalin Eagle, wurin da har yanzu ake ganin shugaban ƙasa a buɗaɗɗiyar mota: ranar rantsarwa, yana tsaye yana riƙe da ƙarfe, ana zagayawa da shi gaban sojoji na 'yan mintoci, a fili mai shinge da aka bincike kowa kafin ya shiga. In ba nan ba, sai lokacin kamfe, inda ɗan takara ke leƙowa ta ƙofar saman jif yana ɗaga hannu, ya ci zaɓe ya koma ciki ya rufe. Ina iya yi wa wannan dariya, amma ba na yi wa tsoron dariya. Tun da aka harbe Kennedy a buɗaɗɗiyar Lincoln a Dallas a 1963 shugabannin duniya suka ƙara shiga sulke. Mu ma muna da namu: Janar Murtala Muhammad ya sanar da kafa wannan birni ranar 3 ga Fabrairun 1976, bayan kwana goma aka kashe shi a cunkoson Legas cikin baƙar Marsandi da ba ta da sulke, wadda har yau take ajiye a gidan tarihi na Onikan da ramukan harsashi a jikinta. Ranar 1 ga Oktoban 2010 bom ya tashi a motoci kusa da wannan dandali ana tsakiyar bikin cika shekara 50 da samun 'yanci. Garin da ya ga irin wannan, ba abin mamaki ba ne ya ɗage gilashi. Kawu dai abin da yake tunawa da dandalin daban ne. A nan ne Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare ranar 29 ga Mayun 2023, shi kuwa injin motarsa silinda takwas ne, bai san ana tsadar fetur ba. Tun daga ranar fitarta ta koma ta Asabar, ita ma ba kowace Asabar ba.

Kafin mu fita Maitama mu hau babbar hanyar Kubwa, ya tsaya gefe ya cire hularsa ya cusa a aljihun gaba, ya ce in yi haka. Mutane suna zaton iska daga gaba take dukan na cikin buɗaɗɗiyar mota. Gilashin gaba yana tare wannan. Iskar takan haye kai, ta juyo ta bugo ƙeya, saboda haka hula gaba take tashi, ta faɗa kan sitiyari ko ta fice ta gefe. Ya ɗage gilasan ƙofa, rufi na ƙasa gilashi na sama, abin da ban dariya ga mai kallo amma yana rage bugun iskar ƙwarai. Babbar riga kuwa ba ta wannan mota ba ce, kaftani ma sai an danne shi da bel.

Daga Katampe zuwa Gwarinpa da Dawaki hanya ce mai faɗi, kuma a nan daɗin ya ragu. Tifofi ɗauke da tsakuwa daga wuraren fasa dutse na Mpape suna tafe suna zubar da ƙura, bas-bas na tsayawa inda suka ga dama, duk hayaƙin da kowa ya saki kai ne mai shaƙa. Da muka karya zuwa Dutsen Alhaji muka faɗa gosulo, sai masu talla suka yi mana caa. Ga mai baƙin gilashi, talla hoto ne da ke wucewa. Mu kuwa har cinya aka ajiye mana gyaɗa da ayaba da cajar waya, yara suna shafa ƙofa suna tambaya ina rufin ya tafi. Kawu ya riga ya sa wayarsa ƙarƙashin cinya, ya sayi ayaba, ya yi ciniki da mutum uku lokaci guda. Dokarsa game da ɓarayi ma ta bambanta da ta kowa: in ya ajiye motar a wani wuri da rufi a sama, ba ya barin komai a ciki, ba ya kuma kulle ƙofa. Wanda ke son dubawa ya buɗe ya duba. Reza ta naira kaɗan tana iya jawo masa asarar tamfol ɗin da sai da dala ake sayo shi.

Muka isa Ushafa da hantsi, ta hanyar Bwari, duwatsu sun yi kore shar saboda damina, ruwan madatsar Usuma da Abuja ke sha yana kwance a bayansu. Garin Gbagyi ne, an san shi da ginin tukwane, kuma tun da Bill Clinton ya ziyarce shi a watan Agustan 2000 aka ba shi sarautar Ɗanmasanin Ushafa, sunan garin ya shiga bakin duniya, ko da yake ziyarar ba ta bar wa mutanen wani abin a zo a gani ba. Matan suna gina tukunya da hannu yadda Ladi Kwali, wadda ke jikin naira 20, ta koya kafin ta haɗu da maginin tukwane Michael Cardew a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja. Kawu ya sayi tulu guda, ya ajiye shi bayan kujerata, ya tokare da tsumma. Ban da bayan tasa kujerar, domin nan hannun rufi yake, ba a tare shi da kaya.

Kafin mu gama ciniki, kujerun fata sun yi zafin da ba a zama, sitiyari ba ya taɓuwa. Sai muka ɗaga rufi, sama tas babu ko ɗigon gajimare. Wannan shi ne bambancinmu da waɗanda aka ƙera wa motar. Bajamushe da mutumin Kalifoniya rana suke nema, in ta fito su sauke rufi, in ruwa ya zo su mayar. Mu inuwa muke nema, har ita ce alamar daraja. Ranar hawan sallah kowa na cikin rana, sarki ne kaɗai ke ƙarƙashin laima. Saboda haka a Abuja rufin nan aikinsa biyu, kuma na tsakar rana ya fi na ruwa yawa. Lokacin sauke shi ɗan kaɗan ne: daga asuba zuwa hantsi, sai daga la'asar sakaliya zuwa dare. Wanda ka gani da azahar a watan Maris yana yawo rufi a sauke, ba daɗi yake ji ba, so yake a gan shi.

Ɗagawar nan ba ta ba mu wahala ba, domin zafi ya sassauta tamfol ɗin. Ba yadi ɗaya ba ne, hawa uku ne: saƙa mai ƙarfi a waje, roba a tsakiya mai hana ruwa, sai shafi mai laushi daga ciki. In ya sha rana yakan miƙe ya bi hannu. In ya yi sanyi, ko ya daɗe a naɗe, sai ya ƙanƙance. Shi ya sa Kawu ba ya barin motar ta kwana rufi a sauke.

Muka yi azahar a Bwari, garin da makarantar horar da lauyoyi da hedikwatar JAMB suka cika da baƙi, muka ci tuwo gidan wani tsohon abokin aikinsa, aka yi ta hirar Legas ta da. Bayan la'asar rana ta yi sanyi muka sake sauke rufi muka kamo hanya.

Tun kafin Dutsen Alhaji na lura Kawu ya rage magana, yana yawan duba madubi da gefen hagunsa. Gabas ta fara haɗewa. Ruwan ƙarshen damina a Abuja ba ya sallama, iska ce ke fara zuwa da ƙura da ganye, kafin ka ce me ya sauko. Mai mota mai rufi ba ruwansa da sama sai ɗigo ya faɗo a gilashi ya kunna waifa. Mai rufin hannu dole ya koma manomi, ya san hadarin da zai wuce da wanda zai zuba, ya kuma riƙa lissafin inda zai tsaya tun bai kai ba. Ana cewa in ka taka mota da gudu ruwa yakan haye kanka ya wuce. Gaskiya ne a yayyafi, a hanyar da ba kowa. A gosulon Dutse ba inda za ka gudu.

Na ce, "Kawu, ko a tsaya nan a ɗaga?"

Ya ce a'a, ba a fili ba. Rufin da ya tashi rabi, iska mai ƙarfi na iya cika shi ta banƙare sandunan, ko ta fizge shi daga hannu ta maka a kan but. Gara ɗigo kaɗan a kujera da karyewar ƙarfe. Ya lallaɓa har muka kai ƙarƙashin gadar sama da ke mahaɗar babbar hanya, ɗigon farko na sauka a kafaɗunmu. Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba. 'Yan acaɓa, waɗanda aka hana shiga tsakiyar birni tun 2006 zamanin El-Rufa'i yana minista, sun cika wurin da baburansu, ga masu Keke suna sauke labulen gefe, ga masu talla sun rungume kayansu. Suka matsa suka ba mu wuri, sannan suka kewaye mu.

Aikin safe muka maimaita daga ƙarshe zuwa farko. Ya saki murfi, muka zaro rufin tare, muka tsayar da gindinsa, ya rufe murfin, muka jawo goshin zuwa gilashin gaba. Nan ya tsaya. Iska ta yi sanyi, tamfol ya sha danshi, ƙusoshin biyu sun gaza kai ramukansu da kamar faɗin yatsa. Dabarar ita ce a bar gindin a sake har sai an kulle gaba, domin in aka fara ɗaure baya babu sauran abin da zai miƙe. Duk da haka ana bukatar wanda zai ja gaba ya kuma danna ƙasa, yayin da wani ke murɗa makulli daga ciki. Kawu ya haura saba'in. Kafin in zagayo, wani saurayi ɗan acaɓa ya riga ya ajiye hular kwanonsa.

"Baba, ina zan kama?"

"Nan tsakiya, ɗana. Kada ka fizga. Ja a hankali, ka danna."

Ya ja, ƙusar hagu ta faɗa, Kawu ya murɗa rabi ya bari, ya miƙo mini mariƙin na kama ta dama, sannan muka ƙarasa su bi da bi. Kulle ɗaya tamau kafin ɗayan ya shiga yakan karkatar da goshin rufin. Daga nan aka sauke gindin, saurayin ya danna shi da tafin hannu biyu har ƙusar baya ta kama, Kawu ya juya hannun da ke bayan kujera, tamfol ya ɗaure ya yi tsaf. Gilasai ne na ƙarshe, kuma da ƙofa a buɗe ya ɗage su, don kada bakin gilashi ya naɗe robar da ke gefen rufin.

Wani mai Keke da ya tsaya yana kallo tun farko ya matso ya ƙwanƙwasa rufin da yatsa, ya leƙa ɗinkin. Ya ce, "Alhaji, ashe taka ma Keke Napep ce, kuɗi ne kawai ya raba." Aka kwashe da dariya, Kawu ya fi kowa. Maganar ba ta faɗi ƙasa ba. Muna ɗaukar rufin tamfol abin Turawa, alhali yana gabanmu kullum. Fijo 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975 tana da 'yar uwa buɗaɗɗiya da Pininfarina na Italiya ya zana, wadda Kaduna ba ta taɓa haɗawa ba. Amma a-kori-kura ta 504 da rumfar tamfol ta kai kaya da mutane kowace kasuwar ƙauye a Arewa, Landiroba ta sojoji da ta 'yan mulkin mallaka ma haka. Yau kuma dubban Keke na Bajaj da TVS suna yawo da rufin da aka ɗinka da keken ɗinki. Kawu ya miƙa wa saurayin na goro, ya noƙe, sai da aka ce masa ba kyau mayar da hannun babba sannan ya karɓa da hannu biyu.

Cikin ruwa motar wata aba ce daban. Ƙarar ɗigo a tamfol ba ta barin hira. Tagar baya ta yi hazo, ba ta da waifa ba ta da wayar ɗumama, ga shi dama ta riga ta yi ruwan shayi don tsufa, saboda haka madubin gefe kaɗai ya rage. A kusurwar da rufi da gilashin gaba da na ƙofa suka haɗu, ɗigo ya fara sauka a gwiwata. Kawu ya miƙo tsumma ba tare da ya dube ni ba, alamar an saba. Wani ruwan kuma ta ɗinkin tagar baya yake tsattsafowa, wannan ne ya dame shi. Da muka isa gida ya bar rufin a sama, ya ce ba za a naɗe shi ba sai ya bushe ƙayau, in ba haka ba fumfuna ta kama shafin ciki, wari ya zauna. Kowane lokaci na shekara da irin cutarsa. Hunturu yakan busar da robobin gefe su tsattsage, ƙurarsa kuma in aka goge ta a bushe daga tagar roba sai ta kankare ta, dole a fara kwarara ruwa. Bazara tana cin launi.

Ranar Litinin na raka shi Apo, unguwar makanikai da aka daɗe ana cewa za a mayar da ita Wasa. Bayan layin masu sayar da kayan gyara akwai masu ɗinkin kujerun mota, waɗanda yanzu rabin cinikinsu rufin Keke ne. Wanda Kawu ke zuwa wurinsa ya bi ɗinkin tagar da farce, zaren ya riƙa tsinkewa yana zuba. Ya ce tamfol ɗin da sauransa, zare ne ya mutu, kuma kullum zare ke riga yadi mutuwa, domin rana ta fi cin sa. Ya duba gaɓoɓin sandunan ya ce a ɗiga musu mai kaɗan, ban da giris mai yawa, don yana kama ƙura yana ɓata yadi.

A garejin da ke kusa akwai ƙanwar motarmu, SL500 daga jerin R129 da ya gaje ta a 1989, rufinta ya tsaya tsakanin sama da ƙasa, an lulluɓe kujerun da leda. Lokacin da ta fito abin mamaki ce: ka danna maɓalli, cikin kusan rabin minti rufi ya naɗe kansa ya shige, ga wani ƙarfen kariya da ke fitowa da kansa cikin ƙasa da daƙiƙa guda in mota za ta kife. Tamu ba ta da wannan, ginshiƙan gilashin gaba kaɗai aka ƙarfafa mata, kuma ba zan ce tsohuwar ta fi ta tsaro ba. Sai dai wancan rufi yana tafiya ne da famfo da kwamfuta da silindar mai fiye da goma, kowacce da robar da ke riƙe mai a cikinta. Bayan shekara talatin a zafi irin namu robobin sun narke, man yana ɗigowa daga saman gilashi a kan rigar direba. Makanikin ya ce kayan sai an yi oda daga waje, mai motar kuma tun da ya ji kuɗin bai ƙara ɗaga waya ba. Ita ma ana iya rufe ta da hannu in ta ƙi, da wani sufana na musamman, amma nata ya ɓata tun a hannun mai ita na farko.

Mai ɗinkin ya kawo shawarar ya sa mana robar da yake yi wa Keke labule da ita, ga ta nan a naɗe, yau-yau a gama. Kawu ya murza ta tsakanin yatsu ya ce ta yi siriri, ba za ta kai bazara biyu ba. Za a aika Ladipo a Legas a nemo mai kauri, da zaren da rana ba ta ci. Suka yi ta ja a kan kuɗin aiki har aka kira azahar. Suka rabu a kan za a kawo motar in ruwa ya ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta sauko, kuma ba za a cire tamfol ɗin daga sandunansa ba sai Kawu yana tsaye a wurin.